Maganin ƙanjamau na wata shida da karɓa a kemis: wa tsarin ya yi wa daidai, wa ya bari a baya

Shekara goma da suka wuce, ɗakin karɓar maganin ƙanjamau a manyan asibitocinmu layi ɗaya gare shi. Wanda ya shekara takwas yana shan magani lafiyarsa ƙalau, da wanda aka kawo jiya ranga-ranga, da mai ciki, da yaro ɗan firamare, duk benci ɗaya suke zama. A yi sammako, a nemo kati, a hau sikeli, a jira likita, a sake bin layin famasi, sai wajen la'asar a fito da maganin wata ɗaya ko biyu. Tsarin da ake bi yanzu, wanda ma'aikata ke kira DSD, wato ba kowa hidima daidai da halinsa, ya raba wannan layin. Abu huɗu yake sauyawa gwargwadon halin mai karɓa: sau nawa zai zo, ina zai karɓa, wa zai ba shi, da abin da za a duba masa. Wannan bita ce ta yadda hidimar ke tafiya a Najeriya, musamman a Arewa.

Hukuncinmu tun farko shi ne: ga baligi mai lafiya wanda magani ya karɓe shi, babu gyaran da ya kai wannan amfani tun bayan da aka mayar da maganin kyauta. Amma an fi ƙwarewa wajen sallamar mai lafiya da wuri fiye da riƙe wanda yake cikin haɗari, alhali dalilin rage layin ke nan tun asali, likita ya samu lokacin marar lafiya.

Ba kowa ake sa wa a tsarin dogon zango ba. Sharaɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2021 shi ne mutum ya yi aƙalla wata shida yana shan magani, babu wata rashin lafiya da yake fama da ita yanzu, ya fahimci shan magani na har abada ne, sannan gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa bairal lod, ya nuna ƙasa da 1,000 a kowane mililita. Hawan jini ko ciwon suga da aka shawo kansu ba sa hana mutum shiga. Wanda ya cika sharaɗi ana ba shi na wata uku, in ya ɗore a kai shi wata shida. Maganin da akasarin manya ke sha shi ne TLD, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗin tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Yana zuwa a roba mai ƙwaya 30, mai 90, da mai 180. Na wata shida ke nan roba biyu ta 90 ko ɗaya ta 180. Zuwa asibiti sau biyu a shekara maimakon shida ko goma sha biyu. Duk wanda ya san kuɗin mota daga ƙauye zuwa babban asibiti, da asarar yinin kasuwa, da tambayar "ina za ki kuma?" da matar aure ke sha duk fita, ya san girman wannan sauƙi.

Matsalar farko tana farawa ne bayan an isa gida. An rubuta a jikin robar a ajiye ta ƙasa da digiri 30, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu Sakkwato da Maiduguri da Kano kan haura 40. Kada a ajiye a mota, ko saman kwano, ko kusa da murhu, ko a taga. Ƙasan akwatin kaya a ɗakin da ya fi sanyi ya fi. Ɗan ƙullin da ke cikin robar mai tsotse laima a bar shi a ciki, kuma kada a buɗe roba ta biyu sai ta farko ta ƙare. Babban kuskuren da ake yi shi ne juye ƙwayoyin a leda ko tsumma tun a ƙofar asibiti, saboda robar na ƙara in ana tafiya, kuma mutane sun fara gane kamanninta. Dalilin a bayyane yake, amma ƙwaya 180 a leda har damina ta shigo za ta ja laima ta dunƙule. Dabarar da ta fi ita ce a cusa auduga mai tsabta a bakin robar ƙarar ta mutu, a ɓare takardar jikinta in ya zama dole bayan an rubuta ranar lalacewarta a wani wuri, a riƙa ɗibar na sati ɗaya a ƙaramin mazubi mai murfi. Ma'aikacin famasi da ba ya tambayar "ina za ki ajiye?" bai gama aikinsa ba, musamman ga matar da ke zaune da kishiya ko a gidan yawa.

Matsala ta biyu ta fi tsanani, domin duk ginin a kan gwajin jini ya tsaya. Ƙa'ida ita ce a yi shi a wata na shida, a maimaita a na goma sha biyu, daga nan sau ɗaya a shekara. Jinin da aka ɗiba sai an tace shi cikin 'yan sa'o'i, a sanyaya, a ba masu babur su kai babban ɗakin gwaji da ke iya zama a wata jiha. Wuta ta ɗauke, ko sinadarin inji ya yanke, sai jini ya lalace ko sakamako ya yi watanni. In ranar ɗibar jini ba ta zo ɗaya da ranar karɓar magani ba, mutum ba zai dawo don jini kaɗai ba. In kuma sakamako ya fito da 5,000 sati uku bayan ya tafi da maganin wata shida, sai an neme shi a waya, wayar da sau da yawa ta miji ce ko ta ƙani, ko lambar da aka bayar da gangan ba daidai ba don tsoron tonon asiri. Haka mutum zai yi wata biyar ƙwayar na hayayyafa yana zaton lafiya lau. Asibitin da ya iya aikinsa yana ɗibar jini wata guda kafin ranar karɓa, ko ya ba da na wata uku har sakamako ya dawo. Mai karɓa shi ma kada ya yarda da "komai lafiya". Ya nemi a faɗa masa adadin, a rubuta masa a kati. In ya haura 1,000 ana komar da shi zaman nasiha wata-wata har wata uku, a sake gwaji, kafin a yi maganar sauya magani.

Akwai kuma ƙananan magunguna da ake mantawa. Wanda ke shan Septrin, maganin kariya daga cututtukan da ke kama mai raunin garkuwa, ko maganin rigakafin tarin fuka, in an ba shi TLD na wata shida aka ba shi waɗancan na wata ɗaya, an rushe sauƙin. Sannan dolutegravir ba ya jituwa da wasu abubuwan da ake saya ba tare da tambaya ba. Farin ruwan maganin gyambon ciki mai sinadarin magnesium yana kama shi a hanji ya hana shi shiga jini, don haka a sha TLD awa biyu kafin, ko awa shida bayan. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi su ma haka, sai dai su ana iya haɗa su da shi in da abinci aka sha. Mai shan rifampicin na tarin fuka yana buƙatar ƙarin dolutegravir 50 bayan awa 12. Mai ciwon suga da ke shan metformin sai an duba masa adadin, domin yana taruwa a jini. A da, zuwan wata-wata kan sa a gano irin wannan da wuri. Yanzu sai an faɗa wa mutum tun ranar farko, an maimaita.

Cikin hanyoyin karɓa, wadda ta fi cancantar yabo ita ce mafi sauƙinsu: a zo asibitin da aka saba, a amsa tambayoyi huɗu na tarin fuka (tari, zazzaɓi, rama, gumin dare), a wuce famasi kai tsaye. In an shirya katunan tun jiya, rabin awa ta isa. Karɓa a kemis mai rajista da ke da yarjejeniya da asibiti ita ce ta biyu, kuma ta dace da ɗan birni: ma'aikaci, ɗan kasuwa, direban adaidaita, wanda zai iya biyawa bayan magariba ko ranar Asabar, ya shiga kamar mai sayen Panadol. Maganin kyauta ne, a wasu wuraren ana karɓar ɗan kuɗin hidima, kuma ya kamata a faɗi adadin tun a asibiti. Abin dubawa kafin a yarda shi ne ko akwai keɓantaccen wurin magana, ko mai famasin da kansa ke bayarwa ko yaron shago, da kuma ko yana mayar da bayani asibiti a kan lokaci. In bai mayar ba, bayan kwana 28 kwamfuta za ta nuna mutum ya daina shan magani, a tura masu bibiya gidansa, asirin da ya gudu kemis don ya rufa ya tonu a ƙofar gida.

Ƙungiyar karɓa ta karɓa-karɓa, inda mutum kamar shida ke tura ɗaya ya karɓo wa kowa, ta samo asali ne a lardin Tete na Mozambik a 2008 ƙarƙashin ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma a can ta yi aiki sosai. Amma can wuri ne da cutar ta yi yawa har kusan kowane gida ya san ta. Binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya ke ɗauke da ita, a Arewa maso Yamma kuwa 0.6. Inda masu ita ba su da yawa, kowa ɓoyewa yake, kuma haɗa mutum shida 'yan gari ɗaya su san juna ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa za ka ga mutum ya tsallake asibitin unguwarsu ya tafi wata ƙaramar hukuma. A nan Arewa "kusa da gida" ba kullum ne alheri ba. Sigar da ta fi karɓuwa ita ce ta iyali, miji ya karɓo wa kansa da matarsa da yaro, in dai an riga an faɗa wa juna. Kai magani har gida shi ma haka: babur ɗin da ke tsayawa a ƙofa ɗaya duk wata uku, maƙwabta za su lura. Gara a haɗu a tasha ko bakin kasuwa.

'Yan ci-rani, direbobin dogon zango, fatake, makiyaya da mutanen da rikici ya kora daga Zamfara ko Barno, su ne tsarin wata shida ya fi ceta, kuma su ne aka fi hana shi da hujjar ba su zuwa a kan lokaci. Wannan juya al'amari ne. Wanda zai tafi Legas bayan girbi sai damina, a ba shi abin da zai kai shi, da takardar sauyin asibiti mai ɗauke da lambarsa da sunan maganinsa. In ba haka ba zai je can ya sake gwaji kamar sabo, a buɗe masa sabon kati, tarihinsa ya ɓace. Maganar azumi kuwa mai sauƙi ce tunda sau ɗaya ake sha: a mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, a tsaya a kan ɗaya. Wanda dolutegravir ke hana shi barci sahur ya fi masa. A yawaita ruwa da dare saboda tenofovir ta ƙoda yake fita.

Yanzu ga inda hidimar ke ɗingishi. Har yau mutane da yawa ba sa zuwa sai cuta ta ci jiki, wasu kuma sun bar magani shekara biyu sun dawo a kwance. Wanda ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka yi ƙasa da 200 ba TLD kaɗai yake buƙata ba. Akwai gwajin fitsari na tarin fuka, da gwajin jini na wani naman gwari mai haddasa sanƙarau, da Septrin 960 kullum, da fluconazole na naman gwarin in gwajin ya nuna, da ganin likita duk sati biyu a farko. Tsarin lokaci ma na da muhimmanci: mai tarin fuka a fara masa maganin ƙanjamau cikin sati biyu da fara maganin tarin, amma mai wannan sanƙarau sai an jira sati huɗu zuwa shida, domin gaggawa na iya kashe shi. Da aka koma ba kowa magani ba tare da jiran CD4 ba, injinan gwajin suka zama marayu a wurare da dama. Akwai ɗan gwajin hannu da ke nuna sama ko ƙasa da 200 ba tare da inji ba, kuma duk asibitin da ke fara wa mutane magani ya kamata a same shi a teburinsa. Iyalin da suka kawo marar lafiya mai ciwon kai mai tsanani, ko rama, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, su tambaya kai tsaye ko an yi waɗannan gwaje-gwajen.

Mai ciki ita ce ta biyu. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa daga uwa, kuma dalilin ba rashin magani ba ne: mata da yawa ba sa zuwa awo, a Arewa maso Yamma kuma mafi yawa a gida suke haihuwa. Hidimar da ta zauna a babban asibiti tana jiran su ba za ta gan su ba. Inda aka haɗa kai da ungozoma, aka kai gwaji gidajen haihuwa na unguwa, aka ɗauki uwayen da su ma ke shan magani suka haifi 'ya'ya lafiya su riƙa raka sababbi, nan ake ganin bambanci, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ya kamata kowace uwa ta fita da shi a kanta: gwajin yawan ƙwayar wajen sati 34 zuwa 36, ruwan maganin nevirapine ga jariri cikin kwana uku na haihuwa har sati shida (wanda haɗarinsa ya fi yawa ana ƙara masa zidovudine, a tsawaita), gwajin jinin diddige a sati shida tare da fara Septrin, nono zalla wata shida, sai gwajin ƙarshe bayan yaye. Wadda ta san a gida za ta haihu ta tambaya tun tana wata takwas yadda ruwan maganin zai iso hannunta, domin al'adar zaman jego ba ta barin mace fita a kwanakin da aka fi buƙatarsa. A haɗa ranar karɓar maganinta da ranar rigakafin jariri, fita ɗaya ta wadatar.

Yara sun samu sauƙi da ƙwayar dolutegravir mai miligiram 10 da ke narkewa a ruwa, mai ɗanɗanon zaƙi, wadda ta maye gurbin mai ɗacin da uwaye suka sha wahalarsa. Amma adadin da nauyi yake tafiya: rabin ƙwaya daga kilo 3 zuwa ƙasa da 6, ɗaya da rabi zuwa ƙasa da 10, biyu zuwa ƙasa da 14, biyu da rabi zuwa ƙasa da 20, daga nan sai ta manya mai 50. Yaron da aka ba na dogon lokaci ba a ɗora shi a sikeli ba zai girme wa maganinsa. A narka a ɗan ruwa, a ba shi cikin minti 30, a ɗauraye kofin a sake ba shi. Matasa kuwa kulab ɗin OTZ na matasa masu shan magani, da aka ɗauko daga Kenya, ya taimaka ƙwarai inda yake zama a ƙarshen mako, amma ba zai yi aiki ga yaron da har ya kai shekara 14 ana ce masa maganin sikila yake sha ba. Faɗa masa a hankali tun yana firamare, cikakke kafin shekara 12, shi ne ƙa'ida. Ɗan makarantar kwana a daidaita ranar karɓarsa da hutu.

Ɓangaren kariya ga wanda bai kamu ba shi ne mafi rauni. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwaji kafin aure, kuma gwajin ya zama ruwan dare a wasu jihohin ma. Abin da ke biyo bayan sakamako shi ne ba a gina ba. Ma'auratan da ɗaya ke da ita ɗaya babu suna buƙatar su ji cewa wanda ƙwayarsa ta sauka ƙasa da 200 ta ɗore a haka ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, kuma kafin a kai nan akwai PrEP, ƙwayar kariya ɗaya kullum da wanda bai kamu ba ke sha. Mace na buƙatar kwana bakwai tana sha kafin ta samu kariya, da gwaji duk wata uku, kuma a duba ciwon hanta nau'in B tukuna, don barin maganin farat ɗaya na iya tayar da shi. A gidan mace fiye da ɗaya kowacce gwajinta daban, shawararta daban, a keɓe. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin da allura ta soka, maganin kwana 28 ne da dole a fara cikin awa 72, kuma asibitin da ke kulle shi a famasi daga Juma'a zuwa Litinin ya cinye wa'adin. Na'urar gwajin kai ta OraQuick, da ake goga wa a dasashi a karanta bayan minti 20 kada a wuce 40, ta dace da mazan da ba sa taka asibiti. Layi biyu, mai nuna alamar cutar, ba hukunci ba ne sai an tabbatar a asibiti, kuma mai shan magani kada ya gwada da ita, za ta iya nuna babu ya ɗauka ya warke.

Allurar kariya ta wata biyu, da ta lenacapavir mai wata shida wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2025, za su fi dacewa da wadda ba ta da inda za ta ɓoye roba. Sai dai dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna inda tsarin ke da taushi. Ƙwayar maganin ta ci gaba da zuwa, amma masu bibiya, da masu shigar da bayanai, da masu kai gwaji unguwanni, da cibiyoyin da ke kula da mata masu zaman kansu da masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi, albashinsu daga can yake fitowa, su ne aikinsu ya fara tsayawa. Da kaya suka yi ƙaranci a sito kuwa, abin da ake fara yi shi ne mayar da mai wata shida wata ɗaya ko biyu. Saboda haka kada a jira ƙwaya ta ƙarshe: a koma karɓa da sauran na sati biyu a roba, a riƙe lambar wayar ma'aikaci ɗaya da ta wani ɗan NEPWHAN, ƙungiyar masu ɗauke da cutar, na yankin, kuma in an ce babu a wannan asibitin, a nemi takardar da za a je wani da ita a ranar.